Hajiya Hafsatu Abdulwahid: Marubuciyar da Kano Ta Haifa, Gusau Ta Riƙa

A tsawon shekarun da na yi ina koyar da Hausa a makarantun sakandare, tsakanin Bungudu da Tsafe da cikin garin Gusau, akwai wata tambaya da nakan jefa wa ɗalibai a makon farko na zangon karatu. Nakan ce su lissafa mini makaɗan ƙasar Zamfara. Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi. Wannan ya ce Musa Ɗanƙwairo, wancan ya ce Sa'idu Faru, wani ya ce Kassu Zurmi. 'Yan Bungudu kuwa ba su yarda a wuce ba a ambaci Salihu Jankiɗi ba, tunda a Rawayya aka haife shi. Sai in ce to madalla, yanzu a ba ni sunan marubucin ƙagaggen labari guda ɗaya tak da ya zauna a ƙasar nan. A nan ne aji kan yi tsit. In an yi sa'a wani ya ce Abubakar Imam, in ce masa wannan mutumin Kagara ne, a Zariya kuma ya yi aikinsa.

Ban taɓa ganin laifin yaran ba, domin mu malamansu ne ba mu gaya musu ba. Alhali kuwa mace ta farko da aka buga ƙagaggen labarinta cikin harshen Hausa, wato Hajiya Hafsatu Abdulwahid, mai littafin So Aljannar Duniya, a Gusau ta yi zaman iyali na shekaru masu yawa, a jihar nan kuma ta yi gwagwarmayarta ta siyasa. Abin da nake son in bayyana wa malamai 'yan'uwana da iyayenmu dattawa a wannan takarda shi ne inda rubutunta ya samo tushe. An sha faɗa cewa labaran soyayya na Hausa baƙin haure ne da boko da finafinan Indiya suka shigo mana da su. A nawa ganin, wanda ya karanta littafin nan da idon basira zai ga kayan gida ne aka yi aiki da su: tatsuniyar tsakar gida, da fulako, da fiƙihun zaure, da kuma zaman cuɗanya irin na garuruwan kasuwanci.

Daga Ƙofar Mata zuwa ɗakin aure

An haifi Hafsatu a ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 1952 a unguwar Ƙofar Mata cikin birnin Kano, unguwar nan da ta shahara da marina. Asalin gidansu Fulani ne. Ta yi firamare a Shahuci, daga nan ta shiga makarantar 'yan mata ta lardi, wadda daga baya aka sani da suna Shekara. Kamar yadda ita kanta ta sha bayyanawa a hirarrakin da aka yi da ita, tun tana firamare ta fara rubuta tatsuniyoyi, har ta sami kyaututtuka a kansu, ciki har da wata daga cibiyar British Council. A watan Janairu na 1966 aka ɗaura mata aure, lokacin ba ta cika shekara 14 ba.

Duk dattijon da ya ga wancan zamani ya san wannan ba abin mamaki ba ne. Yarinyar da aka bari ta leƙa aji ma ta yi sa'a, kuma galibi ranar da aka kai ta ɗaki ranar ce alƙalami ke faɗuwa daga hannunta. Abin lura game da Hafsatu shi ne nata alƙalamin bai faɗi ba. A cikin ɗakin aure, tsakanin girki da goyo, ta ci gaba da rubutu. Idan aka tuna cewa a wannan shekara ta 1966 ne Flora Nwapa, wadda ta yi karatun jami'a har Birtaniya, ta fitar da littafinta Efuru a Landan, za a ga irin ratar da ke tsakanin hanyar da 'yar Kudu ta bi zuwa maɗaba'a da wadda 'yar Arewa ta bi.

Kada a ɗauka cewa kafin ita mata ba su rubutu a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu suna kai wa mata a ƙauyuka. Amma wannan waƙa ce ta wa'azi da tarihi, cikin ajami. Ƙagaggen labari na zube cikin rubutun boko wata hanya ce dabam, kuma tun da aka buɗe ta maza ne kaɗai ke bin ta. A gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Zamanin hukumar NORLA ya zo ya wuce a shekarun 1950, aka shiga zamanin su Nagari Na Kowa da Tauraruwa Mai Wutsiya da Kitsen Rogo, duk ba sunan mace a bangon ƙagaggen labari ko ɗaya. Ko Baba ta Karo, wadda labarin rayuwarta ya fito a 1954 ya zaga duniya, da baki ta faɗa, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta, aka kuma buga da Turanci.

Gasar Zariya

A ƙarshen shekarun 1970 Kamfanin Buga Littattafai na Arewa da ke Zariya, wanda aka fi sani da NNPC (ba na man fetur ba, yara kan rikita su), ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Littattafai uku suka fito daga gasar, aka buga su a 1980. Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ya zo na ɗaya, So Aljannar Duniya ya zo na biyu, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta ya zo na uku. Shekara 47 ke nan tsakanin gasar East da fitowar littafin mace na farko. Marubuciyar tana da shekara 28 a lokacin, ko da yake rubutun ya riga bugun da shekaru.

Ni a kwalejin horon malamai na fara cin karo da littafin, ɗan siriri, wanda mutum zai iya gamawa tsakanin la'asar da lisha. Ba zan ɓoye ba, raina shi na yi da farko. Mu da aka rena da Magana Jari Ce mun saba da gwanintar harshe irin ta Imam, da karin magana bisa karin magana. Hausar Hafsatu kuwa miƙaƙƙiya ce, irin ta hira a tsakar gida. Sai da na koyar da littafin na ga yadda 'yan mata a aji ke gyara zama in an zo wurin da tauraruwar ke mayar wa manya magana, sannan na gane cewa ƙarfinsa ba a adon harshe yake ba, a bakin wanda aka sa maganar yake.

Abin da littafin ya zo da shi

Jigon labarin a taƙaice shi ne: Boɗaɗo, yarinya Bafulatana, ta ga Yasir, wanda ba ɗan danginta ba ne, ta ce shi take so, ta kuma tsaya a kan maganarta duk da ƙin da manya suka nuna. Soyayya ba sabon jigo ba ce a adabin Hausa. A Jiki Magayi ma akwai Abubakar da Zainabu, da attajirin da ya shiga tsakaninsu da dukiya. Sai dai a can Zainabu kamar kaya ce da maza biyu ke ja, labarin kuma na baƙin cikin Abubakar ne da ramuwar gayyarsa. A So Aljannar Duniya yarinyar ce ke riƙe da akalar labari. Ita ke so, ita ke faɗa da bakinta, ita ke kawo hujja.

Tushe na farko da nake gani shi ne tatsuniya, wadda da ita marubuciyar ta fara koyon rubutu. Kowa a cikinmu ya ji tatsuniyar yarinyar nan kyakkyawa da ta ƙi samarin garinsu kaf, ta ce ba ta auren mai tabo a jiki. Rannan sai ga baƙo sumul ya sauka, ta ce shi ta zaɓa, iyaye suka yi faɗa suka gaji, aka ɗaura aure. Da suka yi nisa cikin daji sai miji ya rikiɗe ya koma dodo, a wani ƙaulin kuma maciji. Na ji wannan tatsuniya daga bakin kakata, na kuma ji ɗalibai sun kawo ta da sigogi iri-iri daga ƙauyukan Tsafe da na Bungudu in na ba su aikin tattaro tatsuniyoyi a hutu. Hukuncinta ɗaya ne ko'ina: yarinyar da ta zaɓa wa kanta baƙo ta hallaka, ko kuwa sai ɗan'uwanta ya je ya ceto ta tana kuka. To, ƙashin labarin Boɗaɗo shi ne wannan ɗin: kyakkyawar yarinya, da baƙo, da manya masu gargaɗi. Abin da Hafsatu ta yi shi ne ta ɗauki tatsuniyar kakanni ta juya hukuncinta. Baƙon bai zama dodo ba, mutum ne mai hali, littafin kuma ya tsaya bayan yarinyar tun daga sunan da aka raɗa masa. Wanda bai tashi da wannan tatsuniya a kunnensa ba ba zai ji nauyin abin da aka yi ba. 'Yan matan ajina kuwa sun ji, ko da ba su iya faɗinsa da kalmomin nazari.

Tushe na biyu shi ne fulako, abin da Fulani ke kira pulaaku. Ba sai na yi wa mutanen Bungudu dogon bayani ba, garin da sarautarsa ma Sarkin Fulani ce. Fulako ya ƙunshi kunya da haƙuri da hankali, wato semteende da munyal da hakkiilo a Fillanci. Shi ne ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, shi ke hana baƙo cewa yana jin yunwa ko da cikinsa na ƙugi, shi kuma ke sa saurayi ya sha bulala a wurin sharo yana murmushi. A ƙarƙashin wannan tarbiyya, budurwa ta buɗe baki gaban manya ta ce wane take so babban abin kunya ne, balle wanen ya zama bare. Auren zumunci kuma ba don son kai kawai ake yin sa ba. Yana tsare dukiya cikin dangi, musamman shanu, yana kuma sa in rigima ta tashi a kashe ta a cikin gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ja hankalin manazarta ga wannan ɓangare, cewa littafin muhawara ce da fulako daga bakin wadda ta tashi a cikinsa. Ni abin da zan ƙara shi ne, Boɗaɗo ba ta yar da fulako duka ba. Ta ajiye kunyar da ke rufe baki, ta riƙe haƙurin da ke sa a daure wa wuya. Taurin kan da ta nuna kansa na Fulani ne.

Na uku shi ne addini, kuma a nan ne masu sukar littattafan soyayya suka fi yin gaggawa. Gaskiya ne mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, wanda malamai ke kira ijbari, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san haka. Amma wannan mazhaba ɗin dai ita ce, wajen duba dacewar miji da mata, wato kafa'a, ta ɗora nauyi a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, ba a kan ƙabila ko asali ba. Ke nan iyayen da suka ƙi mutum Musulmi mai hali don kawai ba jininsu ba ne, al'ada suke karewa, ba shari'a ba. Yarinyar da ta ce musu a duba halinsa tana tsaye ne a kan abin da malaman zaure suka karantar. Wannan dabara ta kafa hujja da addini a kan al'ada ita ce mata marubuta da suka biyo baya suka yi ta amfani da ita a kan auren tilas da cire 'ya'ya mata daga makaranta da wulaƙancin saki. Wani manazarci ɗan Amurka, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a kan haka game da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa. Ba kuwa abin mamaki ba ne da aka ga cikin littattafan Hafsatu na baya akwai Nasiha Ga Ma'aurata, da Namijin Maza Tauraron Annabawa wanda ya shafi tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hannun da ya rubuta labarin Boɗaɗo shi ya rubuta waɗannan.

Sai na huɗu, wato abin da ya faru a gidansu. Marubuciyar ta bayyana cewa auren yayarta da wani Balarabe, da tsamar da bambancin al'ada ya haifar, shi ya tsima ta ta rubuta labarin. A Kano irin wannan ba baƙon abu ba ne. Tun kafin zuwan Nasara fataken Tarabulus da Gadamas ke zaune cikin birni, su ne ma aka fara kira Turawa, unguwar Dandalin Turawa na nan shaida. Bayansu Kwarori suka zo daga Sham da Labanan a zamanin cinikin gyaɗa. Gusau ma haka take a ƙaramin mizani. Garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, bayan tasowar jama'arsa daga 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, ya sauya kama tun da jirgin ƙasa ya iso shi a kan hanyarsa ta zuwa Ƙauran Namoda. Gyaɗa da auduga suka jawo kamfanonin Turawa da Kwarori da Yarbawa da Ibo da Nufawa, aka yi Sabon Gari da Tudun Wada. A irin wannan gari tambayar nan ta "ɗan wane ne, daga ina iyayensa suka zo" kullum tana bakin masu neman aure da masu bayarwa. Shi ya sa mai karatu a Gusau bai buƙatar a fassara masa damuwar dangin Boɗaɗo, ya gan ta a gidan maƙwabcinsa in bai gan ta a nasu ba.

Game da finafinan Indiya, ba na musun tasirinsu a kan adabin soyayya gaba ɗaya. Brian Larkin ya yi nazari mai kyau a kan wannan a 1997, ya nuna yadda matasan Kano suka ga hoton rayuwarsu a cikin labaran auren tilas na Indiya. Amma a tuna, matar aure ta gidan mutunci ba ta zuwa silima a wancan zamani, finafinan kuma ba su shiga ɗakunan mata sosai ba sai da talabijin ta yaɗu daga tsakiyar shekarun 1970, bidiyo kuma ta biyo baya. Wannan bayani ya fi dacewa da marubutan shekarun 1990 fiye da wadda ta fara da rubuta tatsuniya a Shahuci.

Waɗanda suka biyo sawu

Shekaru kaɗan bayan fitowar littafin abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta Hausar boko. A ɗaya ɓangaren kuma tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta kawai. Ga masu karatu, ba masu bugawa. Sai marubuta suka shiga buga abinsu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan yayi suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano.

Ni ma ina da nawa alhakin a nan. Lokacin da nake koyarwa a Tsafe na sha ƙwace irin waɗannan littattafai daga hannun 'yan mata, in tara su a durowar ofis. Wata rana na ƙwace ɗaya daga hannun wata yarinya da ta ɓoye shi cikin littafin lissafi, a ranar kuma darasin da zan shiga in koyar a ajinsu shi ne So Aljannar Duniya. Ina tsaye gaban allo abin ya faɗo mini: uwar tana hannuna na dama ina yabo, 'yar tana hannuna na hagu na ƙwace. Ba cewa nake duk abin da aka buga a wancan yayi mai kyau ne ba, akwai tarkace da yawa, akwai kuma Hausar da ke sa malami hawaye. Amma yarinyar da na ƙwace wa littafi ita ce ta fi kowa iya rubuta insha'i a ajin, ba kuwa daga littafin manhaja ta koya ba.

Gusau da siyasa

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, jihar ta zama ta farko da ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, idon duniya ya dawo kan Gusau. Hajiya Hafsatu a lokacin tana cikin ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, ƙungiyar da sunanta ya yi ta yawo a jaridu a 2000 da 2001 saboda tsayawar da ta yi a kan shari'ar wata yarinya daga yankin Tsafe.

Bisa ga labarin da ita Hajiya ta bayar, sun lura ba mace ko ɗaya a majalisar zartarwar jihar, suka je suka kai kuka, aka ba su amsar cewa ba macen da iliminta ya kai. Wannan amsa ce ta sa ta ɗaura niyyar neman kujerar gwamna a zaɓen 2003. Abin bai kai ga akwatin zaɓe ba. Wasu malamai suka yi ca a kanta, jam'iyyar da ta so ta tsaya a cikinta ta janye goyon baya, daga ƙarshe mahaifinta ya sa baki ta haƙura. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya, dattawan da suka ga abin da idonsu kowa na da ra'ayinsa. Abin da ya shafe ni a matsayin malamin adabi shi ne kamar da ke tsakanin marubuciya da tauraruwarta. Mace ta buɗe baki gaban manya ta faɗi abin da ba a saba ji ba, wannan Boɗaɗo ce. Amma da uba ya ce a bari sai aka bari, wannan kuma fulako ne. Duka biyun suna jikin mutum ɗaya, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai fahimce ta ba. 'Yarta Kadaria Ahmed, fitacciyar 'yar jarida, ita ce ta shiga gaba a zanga-zangar da aka yi a Abuja a watan Afrilu na 2019 a kan kashe-kashen da ake yi a ƙauyukan Zamfara.

Rubutun da ya rage a akwati

Ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Hajiya Hafsatu ta bayyana cewa ta rubuta littattafai sama da 30, amma waɗanda suka ga maɗaba'a ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ban da waɗanda na ambata akwai 'Yardubu Mai Tambotsai, da Saba Ɗan Sababi, da kundin waƙoƙinta na Turanci mai suna Ancient Dance. Dalilin a fili yake ga wanda ya bi tarihin da na kawo a sama. Ta shigo ta ƙofar kamfani, ƙofar kuma ta rufe ba da jimawa ba. Hanyar da ta buɗe bayan nan ta kasuwa ce, mai buƙatar marubuci ya zuba kuɗinsa, ya yi ta zirga-zirga tsakanin maɗaba'a da dillalan littattafai, waɗanda cibiyarsu Kano ce ba Gusau ba. Wadda ta share hanya sai ta zama ba ta cikin waɗanda suka fi cin moriyarta. Mariama Ba ta Senegal, wadda littafinta na farko ya fito a 1979 ya ci kyautar Noma a 1980, an fassara ta cikin harsuna da dama. Littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, a Indiya aka buga shi a 2012. So Aljannar Duniya kuwa, malamin da ke son kwafi 40 don ajinsa a Bungudu sai ya sha yawo.

Rubutun hannu ba ya jiran kowa. Gara na ci, damina na jiƙawa, tashi daga gida zuwa gida na watsarwa. Mu mutanen ƙasar 'Yandoto mun fi kowa sanin yadda garin malamai ke iya wayar gari sunansa ya fi littattafansa da suka rage yawa. Ga shi kuwa muna da inda za a yi aikin: akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Gusau, wadda mata zalla take horarwa, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ana kuma nazarin Hausa a cikinta. Neman izinin marubuciya da iyalinta, da ɗaukar hoton rubuce-rubucen shafi-shafi, da tsara su, aiki ne da ɗaliban digiri biyu ko uku za su iya gamawa cikin shekara guda in an ba su abin hawa da na'ura.

Akwai kuma ɓangaren masu karatu. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, mata na ta aika labarai daga ko'ina, wasu ma a waya suke rubutawa. Amma kafin yarinya ta rubuta sai ta zauna a aji, zaman ajin kuwa ya yi wuya a ƙauyukanmu. Bayan sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, na san iyaye a yankin Tsafe da Bungudu da suka ce 'ya'yansu mata sun gama boko ke nan, ban kuma iya ce musu komai ba. Hafsatu ajin firamare da 'yan shekarun makarantar lardi kawai ta samu kafin a kai ta ɗaki, da su ta yi abin da ta yi.

Kwafina na littafin, bugun Zariya, bangonsa ya rabu da jikinsa tun tuni, da zaren ɗinki na haɗe shi. Bara wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata ya zo ya are shi don ya yi hoton shafukan ya raba wa ajinsa. Na ce masa in ya shiga aji ya fara da tatsuniyar yarinyar da ta ƙi mai tabo, ya bar su su faɗe ta da bakinsu har ƙarshe, sannan ya buɗe shafin farko.